Jak ɗin Babur da Ƙafar Arzika

Kun tashi kun tarar da Baba Arzika yana ɗingishi, kun kuma tarar da labarin ɗingishin a dafe, kowa sai dai ya ɗiba: wai gudu ya sharara da babur ɗina a hanyar Augie har ya kife. Na sha ganinku ranar salla kun kewaye shi kuna kwaikwayon kukan mashin da baki, shi kuwa yana dariya yana kora ku da hula. Yanzu har 'ya'yanku sun fara ɗauka. To ba haka aka yi ba. Ƙanena bai yi gudu ba ran nan. Aikin hannuna ne ya kayar da shi, aikin da na yi a tsakar gidanmu na Birnin Kebbi wata Lahadi da hantsi, kuma na san haka tun ranar da abin ya faru. Abin da ya rage mini kawai a lokacin shi ne in buɗe baki in faɗa wa Inna, kakarku, don ta sauke masa laifin da ta ɗora masa. Yadda na yi da wannan magana shi zan rubuta muku a nan, kuma ba zan wanke kaina ba.

Sana'ata kun san ta. Kafinta ne ni, kuma ba na raina hannuna, don ƙofofin unguwarmu da yawa ni na rataya su, har yau ba wadda ta sauko. Amma kafinta yana da wani hali. In abu ya ƙi shiga sai a fere shi, in ya yi sako-sako a cusa masa tsinke, in an rasa abin da ya dace a yi da abin da ke kusa. A katako wannan dabara ce, har yabonka ake yi. Kujera in ta saki, iyakaci mutum ya zauna a ƙasa a yi masa dariya. Ni kuma a kan wannan hali sai Allah ya ƙara mini wani, na tsani in tsaya hannu a aljihu wani yana yi mini aiki ina kallo. Bakanike musamman, ganinsa nake yi mutum mai sifana uku da dogon surutu.

Shekarar da nake ba ku labari na sayi babur na hannu a wurin wani ɗan kabu-kabu. Babur jak biyu gare shi. Akwai ƙarami na gefe, wanda ake turawa da ƙafa mashin ya jingina a karkace. Akwai babba mai ƙafa biyu a ƙarƙashin ciki, wanda in ka taka shi mashin zai miƙe tsaye sak, tayar baya ta bar ƙasa. 'Yan kabu-kabu da yawa cire babban suke yi, wai yana gogar ƙasa in sun yi lodi, kuma yana ƙara. Nawa ma haka na same shi, sai kunnuwan ƙarfe biyu da aka cire shi daga jiki, sun cika da busasshen laka. A cikin gari ban damu ba. Amma duk Juma'a in an sauko masallaci nakan kama hanyar Argungu, in kwana biyu a gida, mu duba albasarmu a fadama ni da Arzika. Ƙasar fadama kuwa ba ta san jak ɗin gefe ba. Ka kafe mashin, ka juya baya, ƙafar ta nutse, ka ji rim. Sau biyu yana faɗuwa, na biyun har fetur ya malale a kan irin da muka ciro za mu dasa. Arzika yana tsaye cikin fangalin dashen albasa da laka har gwiwa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wanga babur naka halan barci shika ji? Dut inda anka aje shi sai ya kwanta."

Arzika a lokacin saurayi ne mai jini a jika, bai daɗe da aure ba. Tun yana yaro sunansa ya fita wajen rawar kai, shi ne mai tseren jaki, shi ne mai faɗawa gulbi daga kan gada. Amma babur ya iya shi, ya fi ni nesa ba kusa ba, a na abokansa ya koya. Burinsa a wannan shekara ɗaya ne, in an sayar da albasa ya sayi nasa, ya riƙa fito wa manoma da kaya daga cikin fadama zuwa bakin titi, inda mota ba ta shiga. Ya riga ya gama lissafin hanyoyin da zai bi. Inna ba ta son zancen, amma ba ta hana ba.

Wani mako da ban tafi Argungu ba, na je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa na tona har na samo jak da ya yi daidai, da sandar ƙarfen da ake zura masa, da sifirin ɗinsa. Sifirin ɗin shi ne ke riƙe jak a sama ya manne da cikin mashin in ana tafiya. Maƙwabcina a lokacin Bulus ne, bakanike, mutumin Filato, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa sun fi nawa iya harshen gari. Mutumin kirki ne, ba ya cikin masu dogon surutun. Ya ga ƙarfen a hannuna ranar Asabar da yamma, ya juya shi ya ce lafiyarsa lau, in kawo masa gareji Litinin da safe, don gobe yana coci. Na ce to. Amma a raina cewa na yi, rami biyu da sanda ɗaya, wannan ai ƙyauren taga ya fi shi wuya.

Da gari ya waye na turo mashin tsakar gida. Ina bukatar abin da zai riƙe shi tsaye, sai na ɗauko ƙaramin turmin jajjagen Hajo, mahaifiyarku, na kwantar da shi a ƙarƙashin injin, na ɗora guntun katako. Ta fito daga madafa ta tsaya.

"Malam, turmina na hwa."

"Aro nika yi."

"In miya ta yi warin baƙin mai, kai ka shan ta kai ɗai."

Na ƙwaƙule lakar kunnuwan da sukundireba, na goge da tsumma, na shafa giris a sandar. Na daidaita ramukan jak da na kunnuwan, na zura sandar, ta tsaya a rabi. Guduma biyu ta wuce. A ƙarshen sandar akwai ɗan rami da ake ratsa wata 'yar waya mai baki biyu don kada ta zare, ba ni da ita, sai na sa ƙusa na lanƙwasa kanta da filaya. Wannan ƙusar ba ta taɓa ba ni kunya ba, gara in faɗa. Na zare turmin, na taka jak, mashin ya miƙe tsaye kamar sabo. Na koma baya na kalle shi, na ji daɗin kaina ƙwarai. Ko rabin awa ban yi ba.

Sai sifirin. Na saƙala baki ɗaya a jikin mashin, na kama ɗayan da filaya na ja. Ya rage kamar faɗin yatsa biyu ya kai ƙugiyarsa, ya ƙi. Na sa sukundireba na banƙara, ya zame. Na kwanta a ƙasa na tokare taya da ƙafa, na ja har jijiyar wuyana ta tashi, filaya ta kuɓuce, bayan hannuna ya daki ƙarfe ya fashe. A karo na huɗu ko na biyar sifirin ya yi tsalle ya haye tsakar gida ya daki murfin tukunya, kaji suka watse. Hajo ta toshe baki da gefen zane, amma kafaɗunta suna rawa.

"Ka bari Bulus shi dawo mana. Gobe ba nisa."

Ba ita ta sa ni ba, kada wani ya ɗora mata. Amma da na ji sunan Bulus sai zuciya ta ɗebe ni. Na shiga ɗakin kayan aiki na ɗauko tsohuwar robar cikin taya, irin wadda muke ɗaure katako da ita a bayan mashin. Na yanka doguwa mai faɗin yatsa biyu, na naɗa ta sau huɗu tsakanin jak da wani ƙarfe a jikin mashin, na ƙulle. Na sauke mashin daga jak, jak ya koma sama da kansa, ɗas. Na taka ya sauko, na tura ya koma. Ko ƙara babu. Na kira Hajo ta gani, ta ce ta gani, ta ɗauki turminta ta tafi wankewa. Ban lura ba, ko kuma na lura ban damu ba, cewa robar tana kwance dab da salansa, bututun da hayaƙi ke fita, wanda in an yi tafiya ko hannu ba ya taɓuwa.

Bulus ya lura. Litinin da safe ina fitowa ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam Hali, aiki ya yi kyau. Amma roba da zafin salansa ba sa zama wuri ɗaya. Za ta bushe ta tsinke, kuma ba za ta gaya maka ranar ba. In jak ya sauko kana tafiya, ƙasa zai kama. Ina sifirin ɗin? Kawo in sa maka yanzu."

Na ce ina sauri, sai na dawo. Sifirin yana cikin akwatin kayan aikina, tsakanina da shi taku goma. Bulus ya sake yi mini magana sau biyu a cikin watan, ni kuwa kullum ina sauri. Gaskiyar ita ce ba na son in tsaya a gabansa ya yi abin da ya gagare ni. Kuma robar tana aiki. Na yi ta zuwa Argungu ina dawowa, ina kafe mashin a fadama a kan guntun katako, yana tsaye ƙyam, ana ɗora masa buhu ba mai riƙewa. Har Arzika ya yaba, ya ce babur ya warke daga ciwon barci. Haka muka shiga bazara, zafin da kwalta ke narkewa.

Ranar wata Asabar ce, mun cire albasa. Aka ce motar masu saye tana lodi a Augie, Arzika ya ce in ba shi mashin ya kai buhu biyu a gani, in farashi ya yi sai a kawo mota har gona. Ni na taya shi ɗaurewa. Ni na ture mashin daga jak da hannuna, na ji jak ɗin ya koma sama a sanyaye, ba da ƙarfin da ya saba ba. Na ji. Na ce a raina in na koma Birni zan ba Bulus. Arzika ya tafi a hankali, buhunan sun danne tayar baya.

Kafin azahar aka kawo shi gida a bayan a-kori-kura, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa, wuri biyu. Aka kira maɗori, gida ya cika. Ni aka ce in je in ɗauko mashin, sai na bi motar da ta kawo shi. Mutanen wurin sun jingine shi a gindin bishiya, sun tattara albasar da ta watse sun mayar a buhu. Kafin in taɓa mashin na duba titi. Ga zane dogo inda ƙarfe ya ja ƙasa, ga inda ya kai bakin wani gurbi ya ci ya tsaya. Jak yana lilo, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe baya. Robar ta tsinke, ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin hanyar ya matso.

"Kai ad da mashin? Wallahi yaron ga a hankali shika tahiya. Sai munka ji ƙarhe ya ci ƙasa, sai ga shi bisa, buhu ya bi shi."

Na yi masa godiya. Na jira ya koma wurin rakensa, na warware ragowar robar na jefa cikin ciyawa, na ɗaure jak da igiyar buhu. Ba wanda ya gan ni. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, ya fi sa robar ma, don robar ganganci ce, wannan kuwa da sanina na yi.

Na dawo bayan la'asar na tarar an gama ɗori. Arzika yana kwance a tabarma a rumfar Inna, an jera wa ƙafar karare an naɗe, gumi yana zuba daga fuskarsa. 'Yan'uwa sun zagaye, kuma sun riga sun yanke hukunci. Wannan ya ce dama an faɗa, wancan ya tuno tseren jaki, wata ta tuno gada. Ba wanda ya tambayi Arzika yadda aka yi, shi ma bai ce komai ba. Inna tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune, idonta ja amma ba hawaye. Da ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

"Arzika, ka ji ni da kyau. In dai ni nish shayar da kai, ban yarda ka ƙara hawan babur ba. Ko tuƙi, ko goyo. In ka hau, ban yahe ba."

"Na ji, Inna."

Da ya faɗi haka sai ya juyo da kai ya kalle ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallo ne kawai, kamar na mai jiran a miƙo masa ruwa. Ni kuwa na sunkuya ina kakkaɓe ƙurar wandona.

A nan sai na gaya muku yadda muke da Inna, don ku yaran yanzu kuna zama ku yi hira da uwarku har da tafawa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, kuma ko ina zaune a gabanta ba ni take yi wa magana ba, sai ta faɗa wa iska, wai "a ce ma na Birni". Kunya ce ta ɗan fari, ba ƙi ba. A bayan idona kuwa ni ne abin misalinta, ni ne wanda ba ya wasa, wanda in ya yi aiki ba a sake dubawa. Arzika shi take zagi, shi take ja wa kunne, shi take ajiye wa ƙanzo. Ran nan, bayan ta gama da shi, sai ta juya fuska gefe ta ce:

"A ce ma na Birni shi yi haƙuri da ɓarnar da anka yi mai ga abin hawanai."

Wato ni ake ba haƙuri. Na ce ba komai, Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ya fito daga bakina ke nan, a gaban mutum fiye da goma, a lokacin da kalma biyar za ta isa.

Da na koma Birnin Kebbi na tura mashin garejin Bulus, na miƙa masa sifirin. Ya miƙar da ƙafar jak ɗin da guduma. Ya sa na riƙe mashin, ya bar jak a naɗe a sama, ashe a haka sifirin ya fi kusa da ƙugiyarsa, ni kuwa jak yana sauke na yi ta kokawa da shi. Ya saƙala tsohuwar wayar birki a bakin sifirin, ya naɗa ta a sifana, ya ja sau ɗaya. Ƙwas. Alwala ta fi shi daɗewa. Ya goge hannu, ya tambayi jikin ƙanena, sannan ya rage murya.

"Robar ce?"

Na ɗaga kai.

"Mama ta sani?"

Na ce zan faɗa mata. Bai ƙara yi mini zancen ba har ya bar unguwar, amma daga ranar na daina tsayawa hira a ƙofar garejinsa. Hajo ita ba ta ƙyale ni ba. Ita ta ga robar da idonta, ba ta bukatar a gaya mata. Duk Juma'a in tana ɗaure mini tsarabar Inna sai ta ce:

"Malam, ka hwaɗa mata. Yaron ga bai yi komi ba, kuma bakin uwa na bisa kainai."

Ni kuma ba na rasa amsa. Da farko na ce a bari ƙafar ta warke, kada a haɗa wa tsohuwa zafi biyu. Da ta warke, ta warke a gajarce, sai na ce yanzu abin ya fi nauyi, a bari hankali ya kwanta. Damina ta zo na ce bayan girbi. Na kuma riƙe kunyar ɗan fari na yi garkuwa da ita, wai ni da Inna ba mu saba doguwar magana ba, ta ina zan fara. Duk ƙarya ce. Tsoro nake ji. Ina son in ci gaba da zama wanda ba a sake duba aikinsa, kuma na san in na faɗa, ba robar kaɗai zan faɗa ba, har da shirun da na yi a rumfa.

Sau ɗaya na gwada, kafin shekarar ta fita. Na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta juya mini gefe kamar kullum. Na ce, "Inna, zancen babur ɗin nan." Ba ta bari na kai ba.

"A ce ma na Birni ba a tada zancen ga cikin gidan ga. Abin da Allah ya yi ya yi. Shi bar roƙa ma ƙanenai, ba ni janyewa."

Ta ɗauka roƙo na zo yi masa. Da na ƙara jimla ɗaya da ta gane. Amma na ce to, na tashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. Na samu abin da zan gaya wa Hajo, cewa na je an hana ni.

Arzika bai sayi babur ba. Abokansa biyu suka yi abin da ya tsara, a hanyoyin da ya tsara, kun san gidajensu a Argungu, na bulo ne. Shi jaki ya saya. Fadama da ƙafa yake zuwa, ya fita da sassafe don tafiyarsa ba sauri. In ɗansa ba lafiya sai a nemi wani ya goya matarsa da yaron zuwa asibiti, shi ya biyo baya. In za shi Gulma ta'aziyya ya tsaya a bakin hanya jiran mota, masu babur suna wucewa suna yi masa tayi yana ɗaga musu hannu. Ni kuwa na yi ta yi masa alheri, na yi masa gado da ƙofofi, na ɗauki ɗansa na fari na riƙe a Birni, har mutane suna cewa ba a taɓa ganin wa irina ba. Yana karɓa ya yi godiya. Bai taɓa canja mini fuska ba, kuma wannan ya sa na lallashi kaina cewa bai san abin da ya kayar da shi ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Inna ta kwanta kwana biyu kacal, zazzaɓi, aka ce mini da sauƙi, sai na ce Juma'a na zo. Ranar Alhamis aka kira ni. Na iso an riga an lulluɓe ta.

Bayan an share zaman makoki na bi Arzika fadama. Lokacin dashe ne, yana sunkuye cikin fangali, gajeriyar ƙafar a kan kunya, yana soka irin albasa da yatsa. Na kafe mashin na sauka na tsaya a kansa. Na faɗa masa duka, robar, da gargaɗin Bulus, da yadda na ji jak ya koma a sanyaye da safen, da dattijo mai rake, da ciyawar da na jefa ragowar. Bai daina dashe ba har na gama.

"Na sani, Yaya."

Na ce tun yaushe.

"Tun ina bisa mashin. Na ji sa'ad da tat tsinke, na ji jak ya sauka. Na taka birki, ban samu ba."

Na ce to me ya hana shi faɗa, ana ta zaginsa a rumfa yana kwance.

"In hwaɗi mi? In tona wana gaban Inna, ina kwance, shi shina tsaye? Naka na ka hwaɗi." Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Dut Juma'a in nij ji kukan mashin ɗinka ƙohwar gida, sai in ce yau na. Ba ƙahwar ad damuwata ba, ƙahwa ta Allah ta. Ni dai nis so ta sani ina jin magana. Ta tahi ba ta sani ba."

Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan ba, ko rasuwar kanta. Na roƙe shi gafara, na durƙusa a cikin lakar nan da fararen kayana. Ya ce in tashi kada mutane su gani, ya yafe tun tuni, ya kuma ce in miƙo masa damin irin da ke bayana. Na miƙa masa. Na tuɓe takalmi na shiga muka ƙarasa fangalin tare.

Da rana ta yi sanyi muka wanke ƙafa a bakin rijiya. Daga gonar zuwa gida tafiya ce mai nisa ko ga mai ƙafa biyu lafiyayyu. Na sauke mashin daga jak, na tayar, na matsa gaba na bar masa wuri. Na ce ya hau, tunda yanzu gaskiya ta fito, ba laifinsa ba ne, hanin bai hau kansa ba tun asali. Ya tsaya ya kalli wurin zaman, ya daɗe yana kallo. Sannan ya saɓa fartanyarsa.

"Ita ta ɗaure, Yaya. Ita ɗai ka kwancewa."

Ya kama hanya yana ɗingishi. Na kashe mashin, na sauka, na tura shi a gefensa har gida.